Ranar da Baba Ya Ce Albarka

Zango, Lomé
Lahadi, 9 ga Oktoba, 1988

Zuwa ga matata abar ƙaunata Zuhura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki? Yaya kumburin ƙafar nan? Ki gaishe mini da Gwaggo Assana. Ki ce mata na yarda ita ta raine ki tun rasuwar Inna mahaifiyarki, kuma haihuwar fari a ɗakinta ya kamata a yi, amma ta sani aro na ba ta, ba kyauta ba. Tun da kika tafi Sokodé gidan nan ya yi mini faɗi. Na gwada dafa wake da shinkafa sau ɗaya, tukunyar tana nan a jiƙe har yau, kada ki tambaye ni.

To ga labari mai daɗi. Kin tuna Likita Tchakoura, shugaban ɗakin masu ciwon fitsari inda nake aikina na infirmiye, wato ma'aikacin jinya? Shekara uku bawan Allahn nan yana rubuta wa wata ƙungiya a Turai takardu, yana neman kuɗin yin bincike, har mun fara yi masa dariya a ɓoye. Kuɗin sun zo! Binciken a kan wani ciwon daji ne da ke kama tsofaffin maza a wata 'yar ƙwaya da ke ƙasan mafitsara, wadda likitoci ke kira furostat. Yana toshe fitsari, in ya yi nisa ya shiga ƙashi. Magani iri biyu ne za a gwada a ga wanda ya fi: tsohuwar hanya ta aikin tiyata, da wata sabuwar allura ta wata-wata, mai tsadar da ko a mafarki ɗan Zango ba zai gan ta ba. Ana neman mutum arba'in, kuma komai kyauta ne, har kuɗin taksi.

Dattawanmu ba su jin Faransanci, Mina kuma, yaren garin nan, na ciniki kawai suka iya. Saboda haka wa aka naɗa tafinta? Mijinki, wanda kike cewa surutunsa ya fi rediyo. A mako uku na kawo mutum ashirin da uku. Akwai takardar yarda da kowa zai dangwala wa hannu, kuma wallahi ban sha wahala ba ko kaɗan. Kin san mutanenmu tun da aka tashe mu daga tsohon Zango aka kawo mu nan bayan Agoè: da sun ga takarda mai hatimi, babban yatsa ya riga ya miƙe. Likita har kafaɗata ya dafa a gaban mutane.

Sauran maganar ki karanta ta a zaune. Baba, mahaifinki, yana cikin ashirin da ukun. Kin san yadda yake yawan sake alwala, da ciwon bayan da yake ɗora wa kokawa da raguna a kasuwar dabbobi. Na lallaɓa shi na kai shi, aka duba, ciwon nan ne. Kada hankalinki ya tashi, don Allah. An gano shi, yana hannun likitan da ya san aikinsa, ni kuma ina tsaye a kansa. Ƙanwarki Djamila tana kula da abincinsa, jiya ma na same shi yana faɗa da ita a kan gishiri.

Moumouni direba zai kawo miki wannan da sabulu da atamfar da kika ce. Ki ci abinci, ki bar ɗaukar ruwa.

Naki har kullum,
Sabitu


Zango, Lomé
Lahadi, 23 ga Oktoba, 1988

Zuhura,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, da Gwaggo da mutanen gida duka. Saƙon yajin ya iso, na gode, Allah ya bar mu tare. Wannan takarda kada ki ba kowa ya karanta, kada ma ki bar ta a inda Gwaggo za ta gani. Sirrin Baba ne, ban da ikon buɗe shi, amma in ban faɗa wa wani ba zan haukace.

Na yi ɓarna, Zuhura. A takardar da ta wuce na cika baki, ban gaya miki yadda aka yi ba.

Ba likita ke zaɓa wa mutum magani ba. Ƙuri'a ce: ambulan a rufe, an jera su, kowa da tasa, a ciki an rubuta allura ko aiki. Haka ƙa'idar binciken take, don kada son rai ya shiga. Ranar Laraba aka buɗe ta Baba, ta faɗa a kan aiki. Ba a fara yi wa kowa ba tukuna, sai wata mai zuwa, kuma shi ne na farko saboda ciwon ya taɓa ƙashin bayansa. An sa ranar Alhamis, uku ga Nuwamba.

Ki gafarce ni, zan rubuta abin da aikin yake sau ɗaya tak. Ciwon nan da ruwan mazakuta yake girma, saboda haka cire 'ya'yan maraina ake yi, duka biyun. Aikin yana kwantar da ciwo ƙwarai, na ga waɗanda aka kawo a kwance suka koma gida da ƙafarsu. Amma abin da aka cire ya ciru har abada. Kuma Baba bai sani ba.

Ga yadda aka yi. Ranar dangwala hannu likita ya karanta shafi biyu cur da Faransanci, ya faɗi komai, bai rage ba: aikin, ƙuri'ar, da cewa mutum yana da ikon ƙi, kuma ko ya ƙi za a ci gaba da duba shi. Ya juyo ya ce in fassara. Ni kuwa ina durƙushe a gefen kujerar Baba da farar rigata, idona a kan siminti. Ke kin sani, shekara biyu da aurenmu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in na hango shi a hanya sai in cire takalmi. Ta yaya zan buɗe baki in ambaci wannan wuri a gaban surukina? Harshena ya ƙi. Na ce masa za a yi ɗan gyara ne a hanyar fitsari, ko a yi allura, kuma kyauta ne. Likita ya ɗaga gira ya tambaye ni ko shi ke nan. Na ce masa ai Hausa ba ta da dogon zance. Kai, Sabitu! Likita ya yi dariya, Baba ya dangwala.

Ba shi kaɗai ba. Duk ashirin da ukun haka na yi musu, don kowannensu ya haife ni. Maganar ikon ƙi kuwa ban ma fara ta ba, na ga kamar rashin ladabi ne ga likita, su ma da hatimi a gabansu ba za su yarda akwai wannan ikon ba.

Na yi ta lallashin kaina cewa ai don lafiyarsa ne. Sai jiya na bi ta kasuwar dabbobi in gaishe shi. Na tarar wani ya taya rago har sun kusa shiryawa, sai Baba ya kama ƙafar ragon ta baya ya ɗaga, ya nuna wa mutumin wani tsohon rauni a kofato da shi bai lura da shi ba. Mutumin ya fasa saye. Da ya tafi Baba ya ce, ba ma da ni yake ba, dillalin da ya ɓoye aibi ɓarawo ne mai sallama. Daga nan ya shiga gaya wa abokansa cewa surukinsa ya samo masa wankin mafitsara kyauta, kwana biyu zai dawo. Ya sa mini albarka a gabansu. Da ƙasa za ta buɗe da na shige.

In na yi shiru, za a yi masa abin da bai yarda da shi ba, da hannuna. In na yi magana, takardu ashirin da uku sun zama banza, masu ba da kuɗi suna iya janyewa, wahalar likita ta shekara uku ta tafi, dattawa goma sha ɗaya da suka fara samun allura su rasa ta. Aikina ma ban san makomarsa ba, ga ki da ciki wata takwas. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Moumouni zai juyo ranar Alhamis, ki ba shi amsa ko layi biyu ne.

Mijinki mai laifi,
Sabitu


Zango, Lomé
Juma'a, 4 ga Nuwamba, 1988

Zuwa ga Zuhura, mai gaskiya ko da ɗaci,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da jiki, Allah ya sauke ki lafiya. Ina gaida Gwaggo. Layi biyu na roƙa, layi biyu kuwa kika aiko, amma sun fi bulala. Kin ce ranar wanka ba a ɓoye cibiya, kuma in bakina ba zai iya ba in je in ari na Issifou wanzami. Ko gaisuwa babu! Na karɓa, na cancanci fiye da haka.

Washegari da safe na shiga ofishin likita na faɗi komai a tsaye. Ya cire tabarau ya ajiye. Sannan ya balbale ni da Faransancin da ban taɓa jin irinsa a bakinsa ba. Da ya gaji ya zauna, ya ce shi ma yana da nasa kason: ya ji shafi biyu sun koma numfashi ɗaya, ya san da walakin, amma yana son lissafin mutanensa ya cika, sai ya zaɓi ya yi dariya. A gabana ya soke ranar aikin. A ranar kuma ya rubuta wa masu ba da kuɗi, bai ɓoye komai ba. Ina tsaye ya sa wa takardar hannu, abin ya tsaya mini a rai.

Da na kawo maganar wanzami ya dube ni kamar na zautu. Na ce masa a Zango mutum ɗaya ne zai ambaci kowace gaɓa a gaban kowane dattijo a yi dariya a wuce. Issifou shi ya yi wa rabin unguwar nan kaciya, har da ni, shi ke yi wa dattawan ƙaho da aski, ba wanda ke jin kunyarsa. Kwana biyu muna zama da shi mu uku. Tirƙashi! Tsohon nan ya fi mai binciken kotu. Sai da ya tambayi ko mutum zai iya kusantar iyalinsa bayan aikin, likita ya ce galibi a'a, kuma allurar ma haka take yi muddin ana yin ta. Ya tambayi wanda ya ƙi me zai samu, aka ce ƙwayoyin da aka saba bayarwa, suna taimako amma suna kumbura ƙafa, suna wahalar da zuciya. Ya tambayi me Turawan za su ci a ciki, likita ya ce in allurar ta yi kyau masu yin ta za su sayar wa duniya. Issifou ya ce to wannan ma sai an faɗa.

Ranar Talata bayan la'asar aka tara su a zauren Issifou, aka kori mata da matasa. Ni aka ce in tsaya daga bakin ƙofa. Da farko sai da na durƙusa na ce na rage musu magana, laifina ne, su yafe mini. Sannan Issifou ya karɓa. Ya kira abu da sunansa, yadda ake faɗa a kasuwar dabbobi, har da nuni da hannu. Wani ya saki salati, wani ya tashi zai fita aka zaunar da shi. Ya bayyana ƙuri'a da tsinke biyu a tafin hannu, dogo da gajere. Ya ce wanda aka riga aka buɗe ambulansa ba a sakewa, sai dai ya karɓa ko ya bari. Da ya zo kan ikon ƙi ba su yarda ba, wani ya ce takarda mai hatimi ba a ce mata a'a. Sai likita ya ɗauko tsofaffin takardun ashirin da uku ya yayyaga su a gabansu, da hatimin da komai. Wallahi na ga dattawa suna waiwayen ƙofa.

Bayan nan aka riƙa shiga ɗaki ɗaya-ɗaya, kowa ya ba da amsarsa ba a gaban jama'a ba. Goma sha huɗu suka sake yarda, tara suka fita. Baba ne na ƙarshe. Issifou ya ce mini Baba ya zauna ya saurara har ƙarshe, ya yi tambaya uku, sannan ya dubi likita ya ce albarka, yadda yake gaya wa mai saye in tayi bai yi masa ba. Ya ɗauki sandarsa ya fito. Ya wuce ni a bakin ƙofa, ko kallona bai yi ba.

Jiya ce ranar da da an yi masa aikin. Yana gida, bayan yana damunsa, a zaune yake sallah. Na je gaisuwa sau biyu, Djamila ta ce yana hutawa. Ban san ko na kyauta masa ko na cuce shi ba, amma yau na iya cin abinci. Daga Turai shiru har yanzu. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Sabitu


Zango, Lomé
Lahadi, 27 ga Nuwamba, 1988

Zuwa ga Zuhura, uwar 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Barka, barka, barka da arziki! Alhamdu lillahi da Allah ya raba lafiya. Yaya jikin? Yaya ruwan zafi? Na san Gwaggo ba ta wasa da wankan jego, ki daure. Moumouni ya ce yarinyar da hancina ta zo, Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa. Na sami hutu, ina tafe ranar Laraba in sha Allahu, kafin suna.

Na ƙi rubuto miki ne sai magana ta tsaya. Kwana goma sha biyu Baba ya yi a gida bayan ya ce albarka. Ranar da aka saba duba shi likita ya aiko masa da ƙwayoyi da takardar ganin likita, kamar ba abin da ya faru. A kwana na sha uku da safe ina ɗakin marasa lafiya sai ga shi, da babbar rigarsa ta Juma'a, Issifou na biye da shi. Ya ce a kira likita, ni ma a kira ni.

Da Issifou yake magana, amma ni ake nufi, kin san halinsa. Ya ce tun yana saurayi ake kawo masa takardu, ta haraji, ta katin jam'iyya, ta tashi daga gidan da ya gina da hannunsa, ba wadda ta taɓa tambayarsa ko ya yarda. Da aka ce wannan ana iya ƙin ta, bai gaskata ba. Shi ya sa ya ƙi, ya koma gida ya zauna yana jira ya ga wa zai zo, ɗan sanda ne ko mai unguwa, ko kuwa magani za a hana shi. Ba wanda ya zo sai magani. A kwanakin nan ya yi shawara da liman, ya yi istihara, ya auna shekarunsa sittin da takwas da 'ya'yansa da ciwon da ke hana shi sujada. Ya ce yanzu ya ga kayan da idonsa, har da aibinsu, kuma ya sallama.

Likita ya sa Issifou ya sake maimaita masa komai daga farko, bai yarda a tsallake ba. Aka kawo sabuwar takarda, na miƙo tawadar dangwale. Baba ya ture ta, ya ce yatsa na wanda aka tilasta ne. Ya karɓi alƙalamin likita ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da ajami, a hankali, har da wasali. Na juya baya don kada a ga idona.

An yi aikin ranar sha bakwai ga wata. Lafiya lau, Zuhura. Da aka kwana huɗu ya ce ciwon bayan ya sake shi, shekaranjiya kuma a tsaye ya yi sallar Juma'a, da sujadarsa. Likita ya gaya masa gaskiya, wannan ba warkewa ba ce, kwantar da ciwon aka yi, amma ana sa ran shekaru in Allah ya yarda. Cikin taran da suka fita, biyu sun dawo bayansa. Sauran shida suna nan a kan a'arsu, ana duba su kamar kowa, kuma likita ya hana kowa ya je lallashinsu.

Amsar Turai ta zo. Sun dakatar da ɗaukar sababbin mutane sai sun aiko wakiliyarsu a watan Janairu ta gani da idonta, amma allurar waɗanda suka fara ba za ta yanke ba. Sun kuma nemi a rubuta bayanin Issifou da Hausa, boko da ajami, ya zama shi za a riƙa karantawa. Ni an ba ni takardar gargaɗi, an kuma sauke ni daga tafinta, ɗan abin da ake ƙara mini ya koma aljihun wanzami. Yanzu har tabarau ya saya, wai shi ma'aikacin bincike. Aikina na infirmiye yana nan, za mu ci tuwo.

Na kuma aika Issifou ya gaya wa Baba ɗayan laifin, cewa na buɗe miki sirrinsa. Baba ya ce ke 'yarsa ce, kina iya sani, amma in kin dawo ki nuna ba ki sani ba. Ki riƙe wannan da kyau. Ragon suna shi ya zaɓa da kansa, yana cikin motar Moumouni. Ya ce a gaya mini lafiyayye ne, aibinsa ɗaya, yawan sunkuyar da kai, kamar wani da ya sani. Da na je godiya ya ce in zauna a tabarmarsa, ya tura mini kwanon fura. Na sha, Zuhura, a gabansa.

Saura magana ɗaya. Kowa ya ce ni ke da ikon raɗa wa yarinya suna, kuma na so in sa mata Meimuna, sunan marigayiya Inna. Amma ga aibinsa, ba zan ɓoye miki ba: ke ba za ki iya kiran sunan mahaifiyarki ba har abada, sai dai ki yi mata laƙabi, kuma wataƙila ya riƙa tayar miki da kewa. Ban gaya wa liman ba, ban gaya wa kowa ba. Ki yi tunani kafin Laraba. In ya yi miki, ki ce kin sallama. In bai yi miki ba ki ce albarka, ba wanda zai zo sai ni, da tsarabata a hannu.

Ki shafa mini kanta. Allah ya raya mana ita, ya ƙara wa Baba lafiya.

Mijinki mai kewarki,
Sabitu